Jinyar 'Yar Fari a Silver Spring

Tun da na dawo ba a bar kunnena ya huta ba. A Islamiyya, a gidan suna, har a bakin mai kayan miya a nan Gwammaja, tambayar ɗaya ce: "Malama, yaya Amurka?" Wata ta ce in ba ta labarin fadar shugaban ƙasa, wata ta ce wai da gaske ne da sabulu ake wanke titi. To ku zauna ku ji sau ɗaya, don na gaji da maimaici. Fadar nan sau ɗaya na hango ta, ta gilashin mota. Ni jinya ce ta kai ni, kuma rabin abin da ya faru sai bayan ya wuce na gane shi. Wadda na je dominta ita ta ce in faɗa, kada in rage komai.

'Yata ce ta fari. Ina da shekara sha tara na haife ta, ana yaye ta Inna mahaifiyata ta ɗauke ta, ta tashi tana kirana Yaya kamar yadda ƙannena suke yi. Shekara arba'in da biyu ban taɓa kama sunanta ba. In zan yi maganarta sai in ce "waccan", da ta yi aure ta tafi kuma ta koma "ta Amurka". Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Har daɗi nake ji in an ce Malama akwai alkunya.

Mijinta Nasiru, direban babbar mota ne a can, shi ya bugo mini waya. Ya gaishe ni ya fi sau biyar kafin ya ce, "Hajiya, jikin nata ne ba daɗi. Ruwa ne ya taru mata a ƙirji, sun ce sai an yi aiki. Muna so ki zo."

Shi suruki, ni suruka, maganar kuma ta 'yar fari. Bai ƙara ba, ban tambaya ba. Na yanke wa kaina hukunci cewa sanyin ƙasar ne ya kama mata huhu, na shiga haɗa citta da kanumfari da tafarnuwa da zuma da man zafi. Sun aiko da takardar likita don neman biza. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, ina karanta Turanci daidai gwargwado, amma da idona ya faɗa kan kalmar nono sai na ninke takardar na cusa a jaka. A Abuja, matar da ke bayan gilashi ta karanta ta, ta ɗago ta dube ni da tausayi. Ita ta san abin da ke damun 'yata, ni da na haife ta ban sani ba.

Jirgi kuwa ba abin da zan ce sai dai Allah ya isa tsakanina da kujerar nan. Gwiwata ta sandare, abincinsu kuma ba gishiri ba yaji, kowane abu a cikin 'yar leda. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rana. Bayan mun sauya jirgi na yi azahar a zaune, na zauna jiran la'asar, rana ta kafe a taga ta ƙi motsi. Agogona ya ce magariba ta yi, taga ta ce ƙarya ne. Na tambayi wani Bayarabe da ke kusa da ni, ya ce ai bin ranar muke yi. Na ce to Allah ya karɓa a yadda ta zo, na jera sallolina.

A filin jirgin Washington wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata kamar an aiko shi. Na ja da baya ina a'uziyya saboda alwalata. Aka buɗe kaya. Kilishin da na yi wa Nasiru tsaraba suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu, ina ji ina gani aka jefa shi a kwandon shara. Da jami'in ya kwance ƙullin daddawa sai da ya ja baya ya toshe hanci. Na ce masa da Hausa, "Ai ba kai za ka ci ba." Ya juya ta, ya juya ta, ya mayar mini.

Sai kuma ga tambaya. Wurin wa kika zo? Na ce 'yata. Yaya sunanta? Na nuna masa takarda. Ya ce ya gani, yana so in faɗa da bakina. Jama'a, bakina ya ƙi. Na dubi ƙasa, na dubi sama. Shi kuma ya ga tsohuwa ta ce wurin 'yarta ta zo amma ba ta san sunanta ba. Aka wuce da ni wani ɗaki, aka kira tafinta a waya, wani Badamagare. Da ya ji abin da ake ciki sai ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ɗiyar fari ce?"

Na ce, "Ita ce."

Ya daɗe yana yi musu bayani da Turanci. A ƙarshe aka ba ni biro na rubuta sunan a takarda, jami'in ya gwada da nasa, ya girgiza kai ya buga mini hatimi. Na fito ina jin na yi nasara, ban faɗa ba.

Gidansu a Silver Spring yake, hawa na bakwai a wani dogon bene. Ƙofofi a jere, duk a rufe, ba sallama ba kukan yaro. Wata uku na yi ban san fuskar wanda ke jikin bangonmu ba. Ita ta buɗe mana ƙofa, sanye da zumbulelen hijabi a cikin gida. Ta rame. Duk da hijabin na ga ɓarin ƙirjinta na hagu ya fi na dama tudu sosai, na yi maza na mayar da idona kan takalmana.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Yauwa. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Iyakar gaisuwarmu ke nan bayan shekara shida ba mu ga juna ba.

Washegari na kunna garwashi na zuba turaren wuta, don gidan warin magani yake. Wani abu a rufin ɗaki ya ƙwalla ƙara kamar za a tashi duniya. Nasiru ya fito da gudu yana kaɗa tawul, ni kuma ina tsaye da kasko a hannu ina salati. Ban daddara ba, na dafa ruwa na kawo tawul da man zafi na ajiye a ƙofar ɗakinta, na ce a gasa wurin. Ta ce, "Likitoci sun hana, Yaya." Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wato mu da muka yi jinyar mutane tun ba a haife su ba yanzu ba mu san komai ba.

Da yamma ƙawarta ta zo, Sista Rifkatu, mutuniyar Pankshin, nas ce, tana zaune a Mitchellville. Mace ce gajera mai murya kamar lasifika. Ta durƙusa ta gaishe ni da Hausarta ta Jos, ta ga man zafi, ta dube ni, ta ce, "Mama, zo mu shiga kicin." Ta tura ƙofa.

"Mama, me aka gaya miki?"

"Ruwa a ƙirji. Ba nimoniya ba ce?"

Ta dafe kai. "Kai, mutanen nan! Zauna, Mama."

A nan na ji cewa shekara takwas da suka wuce 'yata ta yi ciwon dajin nono. An yanke na hagu gaba ɗaya. Aka sa mata wata roba mai laushi a ƙarƙashin fata, yadda in ta sa riga ba mai ganewa. Na ƙirga shekarun da yatsuna, sai ga ni a shekarar bikin ƙaninta, bikin da ba ta zo ba, na yi wata biyu ba na ɗaukar wayarta, ina gaya wa mutane ta zama Baturiya. Na ce, "Ba wanda ya sani a gida?"

Rifkatu ta ce, "Kakarta ta sani."

Inna ke nan. Ta sani, ta riƙe, ta tafi kabari da shi. Wallahi na ji kunya, na ji haushi, na rasa wanda zan ji haushin nasa.

Na ce, "To dajin ne ya dawo?"

"A'a, Mama. Wannan wani ne daban."

"A nonon?"

"A wurin yake, amma ba na nono ba ne."

"Ke 'yar nan, kada ki juya mini kai. Nonon ma kin ce babu shi."

Ta ɗauko lemo a kan tebur ta naɗe shi da leda. Ta ce duk abin da aka sa a jikin mutum, jiki yakan saƙa masa wani tantani ya kewaye shi, kamar ledar nan. A wasu mata ƙalilan ƙwarai, musamman waɗanda aka sa wa roba mai kaushin baya ba mai santsi ba, ƙwayoyin da ke tsaron jiki sukan lalace a cikin tantanin nan bayan shekaru, su zama daji. Sunansa limfoma, dangin dajin kaluluwa ne. Alamarsa ita ce wurin ya kumbura da ruwa haka kawai. An zuƙi ruwan da allura an auna, an ga ƙwayoyin.

Na ce, "Wato abin da aka sa don a rufe wancan ciwon shi ya jawo wannan. An yi gudun gara an faɗa gidan zago."

Ta ce, "Kusan haka. Amma in bai fita daga ledar ba, cire robar da ledar gaba ɗaya yakan wadatar. Shi ya sa za a ɗauki hoton jikinta duka ranar Talata, a gani ko ya fita."

Na ce na gane. Ban gane ba. Na dai riƙe abu ɗaya: ko yana cikin leda, ko ya fita.

Ranar Talata na tashi da sassafe na dama kunun gyaɗa, na zuba zuma. A ina aka taɓa kai mara lafiya asibiti da cikin wofi? Nasiru ya sauka ɗauko mota. Na kai mata kofi na tsaya a kanta. Ta dubi kunun, ta dube ni, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta karɓa ta shanye tas. Muna isa asibiti aka tambaye ta ko ta ci wani abu, ta ce ta sha kunu. Shi ke nan, aka ce mu koma sai wani mako. Ashe hoton nan da azumi ake yinsa. Wani ruwan sukari suke ɗura wa mutum a jijiya, ƙwayoyin ciwon su yi rububinsa, sai na'ura ta gan su. Ni kuma na riga na ƙosar da su da zuma. A mota ba wanda ya yi mini faɗa. Ni ce ma na yi ta faɗa, ina cewa ai sai a gaya wa mutum.

Da aka yi hoton aka kira mu wurin likita. Ina jiran in ga dattijo, sai ga wata 'yar siririyar mace, ba ta kai 'yata ba. Kafin ta ce komai sai ta tambayi 'yata ko ta yarda in ji. Ni uwa, sai an ba ni izini! Sannan ta dubi mara lafiya ido cikin ido ta kira sunan ciwon ƙarara. A nan gida ai likita fita yake da 'yan uwa waje ya yi musu raɗa, a dawo a ce wa mara lafiya shawara ce. Nasiru ne yake juya mini maganar, rabi yana haɗiyewa don kunya. Abin da na tsinta shi ne bai fita daga ledar ba, kaluluwar hammata lafiya lau. Za a cire robar da tantaninta a dunƙule, ba tare da an fasa ba. Aka tambaye ta ko tana so a sake sa mata wata mai santsi daga baya. Ta ce a'a, ya isa. Wannan kam na ji shi ba tafinta.

Ranar aiki aka ajiye mu a wani ɗaki mai allon talabijin, ba hoto sai lambobi masu canza launi. Kowane mara lafiya da lambarsa. Wani tsohon Bature da ke jiran matarsa ya ga ina ta zare ido, ya zo ya duba takardata ya nuna mini tamu da yatsa, ya miƙo mini alawa. Tun hantsi nake kallon lambar nan har bayan la'asar. Na nemi wurin salla aka kai ni wani ɗaki, ga darduma a gefe, ga gicciye a gefe, ga wata mata zaune ta rufe ido. Na rasa ko masallaci ne ko coci, na dai tayar da kabbara. Da likitar ta fito ta ce an cire shi a dunƙule, an aika da shi a auna.

Yanzu ku saurara, don nan ne na yi abin da na yi.

Kafin a sallame ta wata nas ta kira mu ni da Nasiru, ta ce za ta koya mana kula da wurin. An bar wani siririn tiyo da ya fito daga gefen haƙarƙarinta, a ƙarshensa da 'yar roba kamar ƙwan agwagwa, inda ruwan ciwon ke tsiyaya. Safe da yamma za a juye ruwan a auna a rubuta. Nas ɗin ta yaye rigar. Ni kuwa na kafa wa agogon bango ido. Tana ta bayani tana nunawa, ina ta gyaɗa kai ina cewa to, to. Sai daga baya na san ta ce a riƙa tatsar tiyon da yatsu kada gudan jini ya toshe shi, a kuma duba fatar kullum, in ta yi ja ko zafi a bugo waya nan take. An ma ba mu takarda mai hotuna. Hoton farko na ƙirjin mace ne, na sa ta a jaka kusa da 'yar uwarta.

Kwana uku Nasiru yana yi, sai hutunsa ya ƙare, ya ɗauki mota zuwa wata jiha mai nisa. Ya ce, "Hajiya, kin gane yadda ake yi?" Na ce, "Haba, sai ka ce wani abu." Ga yadda nake yi: ta zauna a bakin gado da hijabinta, in zura hannu ta ƙasa in lalubo ƙwan, fuskata na kallon ƙofa, in juye in auna in rubuta. Rubutuna tsaf, layi a miƙe, aikin malamar makaranta. Kwana na huɗu ruwan ya ragu. Na biyar ɗan ɗigo ne kawai. Na yi hamdala, har na aika wa ƙannenta saƙo cewa ruwa ya ƙafe, sauƙi ya samu. Ita ma ashe tun da aka yi aikin ba ta dubi wurin ba, a duhu take sauya riga. Mu biyu a gida, ciwo ɗaya, ba mai kallonsa.

Rana ta shida da safe ta ce tana jin sanyi. Na dafa mata citta na lulluɓe ta da bargo biyu. Kafin hantsi haƙoranta na haɗuwa. Can na ji tana magana ita kaɗai, tana cewa Inna ta rufe taga. Na ɗauki wayarta na lalubo Rifkatu.

"Mama, ruwan nawa ya fito jiya?"

"Ai ya ƙafe tun jiya."

"Ya ƙafe? Kina tatsar tiyon?"

"Wace tatsa?"

Ta ce, "Fatar wurin fa, wace kala ce?"

Na ce, "Ban duba ba."

"Yau ba ki duba ba?"

"Ban taɓa dubawa ba."

Yarinyar nan da ke durƙusa mini ta daka mini tsawar da tun rasuwar Inna ba a yi mini irinta ba. "Mama! Kin ƙetare teku don ki zo ki kalli bango? Buɗe ki duba yanzu, ina kan waya!"

Na ajiye wayar a kan gado. Na ɗage hijabin, na ɓalle rigar, na ɗaga audugar. Rabon da in ga jikin yarinyar nan tun tana shan nono a jikina. Wurin a shafe yake, da dogon ɗinki daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata, a ƙarƙashinsa kuma ga tsohon tabo fari na shekara takwas. Fatar ta yi jawur, ta kumbura tana sheƙi, na taɓa na ji kamar murfin tukunya. A cikin tiyon ga gudan jini baƙi ya tsaya cak. Duk ruwan da na yi wa hamdala yana ciki.

Na gaya wa Rifkatu abin da na gani. Ta ce kada in kashe wayar, ta kira motar asibiti da ɗaya wayar. Ban gama neman mayafina ba suka iso, maza biyu da mace ɗaya. Suka ɗora ta a gadon turawa, suka saka mata ruwa tun a cikin mota. Idonta sai lumshewa yake. Ɗaya daga cikin mazan ya ce mini in yi mata magana, kada ta yi barci. Na ce, "Ke. Ke! Buɗe ido." Ba ta motsa ba. Ya ce in kira sunanta, muryata za ta fi ji. Na ce, "Ke, yarinyar nan." Daga cikin wayar da ke cinyata Rifkatu ta ce, "Mama, don girman Allah kira sunanta!"

Na kama hannunta na ce, "Zainabu."

Sunan ya fito mini wani iri, kamar ba ni na faɗa ba. Na sake cewa, "Zainabu, ni ce. Buɗe idonki." Ta buɗe. Ta dube ni, ta dubi mutumin, ta sake dubana, kamar tana neman wanda ya yi maganar. Har muka isa ban daina kira ba.

Kwana huɗu ta yi a kwance. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga ruwan da ya taru, har sun fara taɓa jini. Aka zuƙe ruwan, aka sauya tiyo, aka yi ta ɗura mata magani ta jijiya. Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin daɗi. Ta dai sa aka sake koya mini, da tafinta a waya. Wannan karon na sa tabarau na matso, na tatsi tiyon a gabansu sau uku har suka ce ya isa.

Muna asibitin sakamakon tantanin ya fito. Ciwon bai huda ledar ba, an cire shi duka. Ba sai an yi mata ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi ba, sai dai ta riƙa zuwa ana dubawa ana ɗaukar hoto lokaci lokaci. Na sa aka maimaita mini sau biyu, don na daina cewa na gane alhali ban gane ba.

Da muka koma gida ni nake goge mata jiki. Wata rana da hantsi ina shafa mata mai a bayanta, na ga dai ba ta kallona, sai na samu bakin tambaya.

"Shekara takwas. Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Ta ina zan fara, Yaya? Na sha ɗaukar waya. In kin ce ya gida, ya aiki, sai in ji maganar ba ta da wurin shiga."

Gaskiya ta faɗa. Can na ce, "Kunun nan fa? Kin san an hana ki, me ya sa kika sha?"

Ta yi 'yar dariya, ta dafe ɗinkin. "Ban taɓa shan abin da kika dama don ni kaɗai ba. Na ce hoton ya jira."

Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka mai isata.

Sauran zaman lafiya lau. Na koyi shiga jirgin ƙasansu, na ɓata sau biyu, na gano shagon wata 'yar Ghana mai sayar da garin tuwo da manja. Rifkatu ta kai ni gidanta ta yi mini gwate, na ce mata tsawar nan na yafe, amma kada a kuma. A hanyar dawowa gida, a filin jirgi, ba wanda ya tambaye ni sunan kowa.

Ga abin da Zainabu ta ce in gaya muku. Duk wadda aka taɓa sa wa irin robar nan, ko don ciwo ko don wani dalili nata, in ta ga wurin ya kumbura bayan shekaru kada ta gasa, kada ta shafa komai, ta je a zuƙi ruwan a auna. Ni kuma nawa ƙarin shi ne, in an ba ki jinya ki duba.

Na san ana cewa Amurka ta sauya Malama. Makon jiya ina gidan suna a Ɗorayi, ɗaki cike, wayata ta yi ƙara. Na san ranar ce za ta je hoton farko tun bayan aikin. Hajiya Asabe, wadda muka yi shekara talatin muna koyarwa tare, ta ce, "Wa ke nemanki haka?"

Na ce, "Zainabu ce."

Wata tsohuwa ta riƙe haɓa. Na bar su a nan na fita tsakar gida inda zan ji da kyau, na toshe ɗaya kunnen na ce, "Zainabu, gaya mini duka. Me suka gani?"

Ta ce, "Ba su ga komai ba, Yaya."

Na ce ta sake faɗa.